Muryar da Muka Je Nema a Lyon

Mun tashi da asuba daga Aubervilliers, unguwarmu a bakin Paris, ni da dattijon da ke zaune a hawan da ke ƙasan nawa. Tela ne, mutumin Bengal ta ƙasar Indiya. Shekara biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu a matakala, sai ranar da ya gan ni da littafin tarihin silima ya tsayar da ni, ya ce mahaifinsa ɗan fim ne.

A Kalkata mahaifin ya fara, a wasan dandali. Da ya shiga fim an fi sa shi ya fito a likita ko malamin makaranta, saboda fuskarsa ta kamala. Daga baya ya shirya nasa guda uku. Na ukun bai samu masu kallo ba, ba a ƙara nemansa ba, ya rasu ɗan yana da shekara goma sha ɗaya. Faya-fayan kuwa danshi ya cinye su a wani sito.

"Fuskar ina da ita a hoto," in ji dattijon. "Muryar ce ta ɓace mini."

Ni na binciko cewa wani ƙaramin gidan silima a Lyon zai nuna kwafin wani fim ɗin mahaifin da ya tsira a Faransa. Sau uku na rubuta musu. Na tambayi lokaci, da tsawon fim ɗin, har da yawan matakala saboda gwiwarsa.

Jirgin ƙasa awa biyu ne, amma kuɗinsa ba na ɗalibi da tela ba ne, sai muka shiga kar, wato doguwar bas, a tashar Bercy, tafiyar kusan awa shida. Yayyafi ya raka mu tun daga bakin Paris. Gonaki kore shar, fararen shanu tsaye cikin ruwa babu makiyayi. Inda muka tsaya hutu, kofi ɗaya kuɗinsa zai ciyar da mutum yini guda a garinmu Damagaram. Dattijon ya buɗe kwanonsa: shinkafa, miyar wake da kifi. Na ce masa mu ma gidan yaji muka fito. Loma biyu na yi hawaye suka ƙaryata ni.

Lyon gari ne mai koguna biyu, ranar duka launinsu ɗaya da sama. Muka yi azahar a Guillotière, unguwar da shagunanta suka tuna mini unguwar Goutte d'Or ta Paris. Dattijon ya shiga bayan gida ya taje gashinsa, ya gyara kwat ɗin da ya goge da hannunsa.

Mu goma sha ɗaya ne a ɗakin kallon, na ƙirga. Fim ɗin baƙi da fari ne. Jirgi ya tsaya a wata tashar ƙauye, wani dogon mutum ya sauko da lema a hammata. Dattijon ya damƙe hannuna.

"Shi ne."

Mutumin ya buɗe baki, sai Faransanci ya fito, da muryar wani Bature. Tuntuni aka ɗora wa kwafin fassara don masu kallon nan. Har dariyar ma ba tasa ba ce. Abu uku na tambaya a wasiƙuna, ban tambayi harshe ba.

Na so ƙasa ta tsage. Dattijon bai tashi ba. Ya toshe kunnuwansa da yatsu, ya ƙura wa bakin mahaifinsa ido, leɓɓansa na motsi tare da na allon. Haka ya zauna har aka kunna fitilu.

Na daure na je wajen matar da ta haska fim ɗin. Ta ce sautin asali bai zo da faifan ba, kuma ba ta san inda za a same shi ba.

A waje na ce, "Baba, ka yafe mini. Kuskurena ne."

"Kai, malamin takarda," ya ce, "da ka tambaya da ba mu zo ba."

"Ka gane abin da yake faɗa?"

"Kusan duka. Sai dai da muryata nake jin sa."

Wani ɗalibi ɗan Maraɗi ya sauke mu a ɗakinsa, washegari muka juyo. Dattijon bai buɗe kwano a hanya ba, ni ma ban buɗe littafi ba. Da la'asar muka iso gida, ya tsaya a ƙofarsa yana neman makulli, na wuce sama.

Na taso ina kallon finafinan Indiya da aka ɗora wa Hausa, muna ta dariya a zauren maƙwabta, ban taɓa tunanin an cire muryar wani aka sa waccan ba, ko kuma cewa mai muryar yana da ɗa. Abin da tafiyar ta koya mini ke nan. Da na shiga ɗaki na kira mahaifina a waya. Ya yi ta faɗa a kan tsadar hatsi, ni kuwa ina ta sauraren muryarsa, har ya ce, "Kai, kana nan kuwa?"