Ranar da Kawu Sigina Ya Nuna wa Babansa Tuƙi

A unguwarmu ba mai kiran ƙanin mahaifiyata da sunan yanka. Kawu Sigina ake ce masa, don bai taɓa shan kwana bai kunna sigina ba, ko da layin babu kowa sai akuya. Inna, matarsa, ta rantse ko daga falo zai shiga ɗaki sai ta ga kafaɗarsa ta motsa.

Da tuƙi ya ci, da tuƙi ya aurar da 'ya'ya. Ya ja motar asibiti, ya ja bas ɗin makaranta, daga baya ya buɗe wajen koyar da mota, inda rabin direbobin gari suka sha faɗansa. Kullum da safe sai ya zagaya mota, ya ƙwanƙwasa tayoyi, ya buɗe bonet ya duba mai da ruwa, sannan ya zaro wani tsumma ruwan ɗorawa daga aljihu ya goge gilas. Yabo kuwa ba ya cikin kayan aikinsa. In ka yi tuƙin kirki, iyakar abin da za ka samu shi ne, "To, ba ka kashe mu ba."

Kawu bai taɓa ganin mahaifinsa ba. Kakan namu direban soja ne, aka kwashe su zuwa yaƙi a wata ƙasa mai nisa lokacin Kawu yana ciki. Kakarmu ta ce ranar tafiya ya dafa cikin ya ce, "In namiji ne, a bar min shi, ni zan koya masa mota." Bai dawo ba. Kawu ya koyi mota a tasha, a hannun masu ranƙwashi.

Shi ya sa da Auta, 'yarsa mai aikin jinya a can ƙasar, ta gano maƙabartar sojojin, ta kuma aiko musu da tikitin hutu shi da Inna, sharaɗi ɗaya ya gindaya.

"Ni zan tuƙa kaina zuwa wajensa. Ba za a kai ni gaban mahaifina a kujerar fasinja kamar buhu ba."

Kwanakin farko a babban birni suka yi su. Auta ta sa su a bas ɗin 'yan yawon buɗe ido, mai bene, marar rufi. Kowa na sama yana ɗaukar hoton gadoji da dogayen gine-gine, aka nemi Kawu aka rasa. Ashe ya sauko ya zauna bayan direba yana kallon ƙafar direban. A gidan tarihi ma, jama'a na kallon zinariyar da ke jikin wani tsohon keken doki, shi ya durƙusa yana duba ƙafafun, ya tashi yana cewa ta hagu ta ci gefe.

"Malam," in ji Inna, "mun keto teku don ka duba taya?"

"Ke da kika keto teku don ki duba farashin labule fa?"

Sai ranar da Auta ta karɓo motar haya. Kawu ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa, ya goge gilas, ya buɗe ƙofa ya zauna da ƙasaita. Ya miƙa hannu, babu sitiyari. Yana can ɗaya gefen.

"Baba, ai na gaya maka," in ji Auta. "Nan ta ɗaya hannun ake bi."

"Na sani. Kujerarki nake gwadawa."

Ya koma inda sitiyarin yake, suka hau titi. Da ya kai hannu zai sa giya sai ya doki ƙofa. Wannan da sauƙi. Da suka iso wani babban shataletale ya taɓa sigina, sai waifa ta hau share busasshen gilas, ƙiiƙ, ƙiiƙ. Ya sake taɓawa, ta ƙara sauri. Shi kuwa Kawu ba ya fita daga shataletale babu sigina, ko duniya za ta tashi. Haka suka yi ta zagayawa, mutum-mutumin wani mai doki da ke tsakiya yana wuce su yana dawowa, har Inna ta ce tun da sun saba, ya kamata a tsaya a gaisa.

Da ƙyar suka fita. Auta ta karɓi makulli.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba raini ba ne. Ina ganin waɗanda ake kawo mana daga titin nan."

Kawu ya sauka. Ya zauna inda ya ce ba zai zauna ba, yana kallon guiwarsa har otal. Kwana biyu suka rage musu, maƙabartar kuma tana can bayan gari, tafiyar rabin yini.

Washegari ya ce ba ya zuwa ganin fadar da aka shirya za a ziyarta. Da Auta ta dawo da rana ta tura ƙofar ɗaki, sai ta tarar an jera kujeru biyu suna fuskantar taga. Kawu na kan ɗaya riƙe da tiren shayi, lema a tsaye tsakanin kujerun a madadin giya, buroshin haƙori ɗaure a gefen tiren a madadin sigina. Inna na ɗayar, jaka a cinya, kamar mai zuwa unguwa.

"Hagu," in ji Inna. Ya taɓa buroshi, ya juya tire.

"Dama. A'a, Malam, ka share gilas. Sake."

Tun safe suke a haka. Mutumin da ya yi shekaru yana cewa ɗalibai "sake", yau shi ake ce wa, kuma yana sakewa. Auta ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe. Da dai ta ga ba su da niyyar isa ko'ina, sai ta jawo kujera ta zauna a baya.

Ranar zuwa maƙabartar ita ta fitar da su daga birni. Da suka wuce cunkoso, gonaki suka fara bayyana, sai ta tsaya a wani gidan mai, ta ajiye makulli a kan bonet, ta koma baya. Kawu ya zagaya motar duk da ya zagaya ta da safe. Wannan karon ƙofar da ya buɗe akwai sitiyari.

Ya yi tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Wata tarakta ma ta gaji ta wuce su. Amma kowace kwana sigina ce ta kama, tik, tik, tik, Inna na kaɗa kai tana bin sautin. A gaban maƙabartar wuri ɗaya ya rage, matsattse, tsakanin manyan bas biyu. Auta ta buɗe baki, Inna ta dafa ta. Kawu ya kunna sigina, ya sa ribas, ya shige tashi ɗaya, kamar an saka wuƙa a kube.

Ciki fararen duwatsu ne a jere kan ciyawa, iyakar ganinka. Wani mai kula da wurin ya raka su har gaban nasu. Waɗansu baƙi furanni suka kawo. Kawu ya tsaya, ya cire hula, ya mayar, ya rasa inda zai sa hannunsa. Sai ya zaro tsummansa ruwan ɗorawa ya durƙusa. Ya goge dutsen daga sama zuwa ƙasa, lungu-lungu, yadda yake goge gilas, har cikin haruffan sunan. Suka yi addu'a. Sannan ya ɗaga makullin ya ce, a hankali, "Baba, ni na kawo kaina. Ga ta can tsakanin bas biyu. Ba ta taɓa kowa ba."

Inna ta share ido da gefen mayafi. "Ka ba shi labarin waifa?"

"Shi ma direba ne. Ya san ba a tone-tone."

A bakin mota ya tsaya, ya waiwaya. Daga nan ana hango layin da kakanmu yake. Ya miƙa wa Auta makulli.

"Ke fitar da mu. Ya ga ɗansa, bari ya ga ɗalibar ɗansa."

Ya shiga baya kusa da Inna. Auta ta kunna sigina, ta zare motar daga tsakanin bas ɗin ba ko ƙwarzane. Kawu ya yi gyaran murya.

"Kin iya," ya ce.

Auta ta ce saura kaɗan ta hau ciyawa don mamaki. Inna kuwa har yau in ta ba da labarin sai ta ƙara da cewa yabon bai kai bakin titi ba, ya ce mata ta rage gudu.