Zaren Hannun Babana

Har yau in na bi ta bakin masallacin ƙauyenmu na ji tsofaffin nan suna labarin babana, sai zuciyata ta tafasa. Wai ba a taɓa yin ɗan dambe irinsa ba tun daga garin Hajj Abdalla har garin Abu Hujar. Gaskiya ne, ba a yi ba. Amma wallahi ba daga bakinsu ya kamata a ji ta ba.

Babana mahauci ne, yana kuma da 'yar hawasharsa, wato gonar auduga, a bakin tur'a, magudanar ruwan ban-ruwa. Ƙato ne, in ya zauna kan angarib, gadonmu na igiya, sai igiyoyin sun yi ƙara. Da kaka, bayan tsinkar auduga, akan share fili, masu kalangu su zo, shi kuwa ya naɗe hannun dama da tsumma, ya bi shi da zare mai kauri har ya koma kamar kan taɓarya. Larabawan ƙauyukan kusa ma a lori suke zuwa kallo. Ban taɓa jin an ce gwiwarsa ta taɓa ƙasa ba.

Da girma ya zo, hannun nan na dama shi ya fara rawa. Sai magana ta yi nauyi, sai tafiya. Innarmu ta riga ta rasu, ni kuma aurena ya mutu, na dawo gida ina jinyarsa. Na kai shi mustashfa, wato asibiti, a Sinnar, likita ya ce ciwon jijiya ne, dukan da kai ya sha yana iya jawo shi, kuma ba ya warkewa. Ya ba mu ƙwayoyi masu rage rawar, da ƙasa ta rikice su ma suka ɓace.

Ciwon bai dame shi kamar cin abinci ba. In ya ɗebo tuwon asida, kafin ta kai baki ta watse a rigarsa. Na ce bari in ba shi, ya harare ni. Mutumin da ya ciyar da gari nama, a ba shi a baki? Allah ya kiyaye.

Wata safiya ya nuna mini ƙarƙashin gado. Tsohon zarensa ne cikin gwangwani, ya yi baƙi da zufar shekaru. Ya gwada mini yadda zan ɗaure masa wuyan hannu da bayan hannu tamau, in bar yatsu a sake. Ikon Allah, nauyin da matsin suka sa rawar ta lafa. Ya kai loma baki, ya kai ta biyu, ya dube ni ya yi dariya har da hawaye. Daga nan kullum sai na ɗaura masa, kuma kullum akushi sai ya koma wayam.

To, sai masu zuwa dubiya suka gani. Dubiya ko gulma! Nan da nan magana ta zaga gari: ai ɗan dambe ba ya rabuwa da asiri, akwai laya cikin zaren, rai yana son fita ita ta hana, shi ya sa yake wahala. Ba wanda ya tambaye ni, ni da nake wanke masa tufa.

Ranar kasuwa na tafi sayen gawayi. Ina dawowa na ji ƙaurin tsumma tun daga ƙofa. Baffana, ƙanen babana, yana tsaye da dattawan masallaci, zaren yana ci da wuta a tsakar gida. Sun yayyanka shi da wuƙa suna neman laya.

Na ce, "Baffa, mi kunka samu ciki?"

Ya ce, "Ɗiyata, ai ba a ganin asiri da ido. Taimakonsa munka yi. Ma'alesh."

Ma'alesh, wai in yi haƙuri! Na faɗa musu maganar da ɗiya ba ta faɗa wa iyaye, kuma har gobe ban janye ba. Na ce lokacin da hannun nan yake lafiya, wane ne cikinku ya isa ya taɓa shi? Sarkin yawa kawai kuka nuna wa tsoho.

Washegari na samo sabon zare. Babana ya juya fuska ga bango. Na roƙe shi, na yi kuka. Da ƙyar ya haɗa maganar, bakinsa yana karkarwa: "Danne ni sunka yi." Ashe ya hana su hannun, sai suka taru suka kwantar da shi, wasu suka riƙe kafaɗa, wani ya hau ƙafa. Mutumin da ba a taɓa kai bayansa ƙasa a fili ba, an kai shi a ɗakinsa, kan gadonsa.

Bai sake yarda an ɗaura masa komai ba. In na kawo cokali ya datse haƙora. Na dama kunu, na yi romo, na aika aka samo kifi daga bakin kogi, duk a banza. Ina kallo ƙaton nan ya zube, har angarib ya daina ƙara.

Ranar ƙarshe da hantsi ya dubi kofin ruwa. Na gane. Na kama wuyan hannunsa da hannuwana biyu na matse iyakar ƙarfina, daidai inda zaren yake zama, ya ɗaga kofin ya sha da kansa. Ya yi kalmar shahada, na ji ta sarai. Ina riƙe da shi rawar ta tsaya.

A zaman makoki na jiyo Baffa daga zaure yana cewa, "Kun gani ko, da anka ƙone abin nan sai Allah ya sawwaƙe mishi." Mata suka rirriƙe ni, na fizge, na je har bakin zaure ba mayafi. Na ce, "Baffa, zaren nan da shi yake cin abinci. Yunwa ce ta kashe yayanka, da akushi cike a gabansa."