Rahila da Akuyar Hanyar Kudenda

Damina shida ke nan da muka binne ƙanwata Rahila. Ba ta cika shekara ashirin da biyu ba. Har yau ina nan a ɗakunan haya na unguwar Mahuta, a garin Kaduna, inda ta same ni.

Daga ƙauyenmu na kudancin Kaduna ta zo, ina sabon ma'aikaci a masaƙa, wai ta riƙa yi mini girki kafin ta samu makaranta. Ba a jima ba ta matsa mini aka kawo ƙannenmu, Ishaya da Talatu, domin makarantar ƙauye ba malamai. Sai kuma dabbobi suka biyo baya. Wata rana na taso aiki na tarar da ita a tsakar gida da akuya a cinya. Mota ce ta karya wa akuyar ƙafa a hanyar Kudenda, mai ita zai yanka, Rahila ta ba shi zanen da take zuwa coci da shi, ta ɗauko ta. Da kara da tsumma ta ɗaure ƙafar.

Alhaji mai gidanmu ya leƙo ya ce, "Yarinya, ɗaki na ba yayanki haya, ba turke ba."

Ta durƙusa ta ce, "Baba, ranar da ta taka ƙafar nan za ta bar gidan."

Akuya ta taka, ba ta je ko'ina ba. Alhaji da kansa ya koma aiko mata da dusa. Daga baya aka ƙara da kyanwa da tantabaru.

Burinta ta karanci aikin likitan dabbobi. Zazzaɓi ya kama ta ana tsakiyar damina, ta ɓoye mana saboda Talatu na jarrabawa. Kafin mu kai ta asibiti ciwon ya ci ƙarfinta. A kan gadon ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, ko ya za a yi, kada ka mayar da yaran nan ƙauye."

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga Mahuta yanzu. Filin da take yankan ciyawa ya zama gidaje. Masaƙa ta rage ma'aikata, kayan abinci sun yi tsada, maƙwabta da dama sun tattara sun koma gida. Ina jin ba za ta tsaya ƙorafi ba, tambaya za ta yi: wa ya kwana bai ci ba? Dabbobinta kuwa na rabar da su, don mai aikin masaƙa ba ya iya kiwo. Wannan ne ban san yadda zan faɗa mata ba.

Yaran dai ban mayar da su ba, ko lokacin da garin rogo muke jiƙawa mu kwanta. Ishaya yana Jos yana koyon aikin gona. Talatu na koyarwa a Kafanchan, an ce ɗalibanta ba sa jifan kare in tana kusa. Su ne abin da Rahila ta bari, kuma cika mata alkawarin ne ya kwashe su daga gabana. Ba na nadama. Sai dai in na dawo da yamma na tura ƙofa, babu abin da ke motsi a gidan.