Tocila da Ƙwan Kazar Baba

Don haushi na sayi tocilar. A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Palladan, ina zaune da Mama da Baba a gidanmu na Samaru, bayan layin da ɗalibai ke haya. Tsohuwar tocilar Baba, ta gwangwani mai cin manyan batura, ta riga ta ishe ni. Sai ka bubbuga ta a tafin hannu kafin ta kama. In ta kama kuma haskenta ja-ja ne, da baƙin rami a tsakiya, daidai wurin da kake son gani.

Wata Asabar na hau keke na tafi kasuwar Sabon Gari, na tsaya a shagon wani Ibo mai kayan lantarki. Na ce ya ba ni babba. Ya ƙi. Ya ɗauko wata 'yar baƙa da ba ta wuce tsawon tafin hannuna ba, ya sake ta a kan siminti ina kallo, ya ɗauka ya tsoma ta a bokitin ruwan da yake yayyafa wa ƙofar shago, sannan ya danna mata gindi. Haske ya fito fari tas.

"Anti, wannan ba ya mutu," in ji shi da Hausarsa ta kasuwa.

Na karɓa na jujjuya. Ƙarfe ce gaba ɗaya, tana da ɗan nauyin da ke kwantar da hankali, an yi wa jikinta tsaga-tsaga don kada ta suɓuce ko hannu da mai. Akwai zoben roba a inda ake buɗe ta, shi ya hana ruwan shiga, kuma da igiyar cajin waya ake cajinta. Abin da ya fi burge ni shi ne kanta. In ka murza shi gefe ɗaya hasken ya bazu ya cika ɗaki, in ka murza ɗaya gefen ya tattaru ya koma kamar faɗin bakin kwalba, babu rami a tsakiya, babu dishi-dishi a gefe.

Da na kai gida Mama ta dube ta sau ɗaya ta ce an sayar mini da abin wasan yara. Baba kuwa ya karɓe ta ya yi ta murza kan, yana haska saman ɗaki yana dariya, har Mama ta ce to ga yaron da aka yi ta dominsa.

Daminar da ta biyo baya Baba ya rasu.

Dole in faɗi maganar kajinsa, don in ba su ba da wannan labari bai taso ba. Baba ma'aikacin coci ne duk rayuwarsa, bai tara komai ba sai kaji. Asalinsu daga kazar da uwarsa ta sa masa a kwando ranar da ya baro ƙauye ya zo Zariya yana saurayi. Masu wake-wake ne, gajerun ƙafa, ga faɗa. Ba ya sayar da su, ba ya yarda a yanka mace. Mama ta sha yi masa tsegumi cewa ya fi sanin kajin nan da 'ya'yansa, amma ita ke fara watsa musu dawa kowace safiya.

Bayan an yi jana'iza Mama ta zauna. Ta daina zuwa zumuntar mata, ta daina faɗa da ɗaliban da ke zuba mana ruwan wanki a ƙofar gida, abin da a da ba ta taɓa bari ya wuce ba. Abinci sai na tsaya a kanta. Abu ɗaya ne ke tashe ta daga tabarma, shi ne kukan kajin da safe. Sai ciwon kaji ya shigo unguwa ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya, aka bar mu da kaza guda da ke kwanci a akurki. Ita ma wata safiya muka tarar da gashinta a bakin magudanar ruwa, muzuru ya yi aikinsa. Ƙwan suna nan a gurbi, na taɓa na ji sun yi sanyi.

Mama ta leƙa ta ce in zubar da su. Ta ce komai nasa ya bi shi, ta koma ɗaki. Gaskiya na tsorata. Na san in ƙwan nan suka tafi, babu sauran abin da zai fito da ita tsakar gida.

Maƙwabciyarmu, wata Bayerabiya mai sayar da kayan masarufi, tana da kaza da ta fara kwanci a kan gurbin banza. Ko gama roƙon ban yi ba ta ɗauko ta a hammata ta kawo. Kazar ta yi ɗan tsiwa, sannan ta baje a kan ƙwan kamar nata ne. Mama ta ce wahalar da kazar mutane kawai nake yi, baragurbi ne.

Aka kwana biyu haka. Ran nan na dawo daga makaranta da rana na tarar da Mama a bakin akurki da ƙwai a hannu, ta kai shi kunne za ta girgiza, ga kwanon ruwa a gefe ta ce za ta tsoma su ta nuna mini sun lalace, a mayar wa matar nan kazarta. Haka aka saba gwadawa a gidanmu, amma ni ina tsoron in akwai rai a ciki girgizar ta kashe shi. Na karɓe ƙwan da ƙarfin da bai dace ba, har ta harare ni. Na ce ta ba ni zuwa la'asar.

Ban san abin da zan yi ba. Na zauna a bakin gado ina wasa da tocilar, ina kunnawa ina kashewa. Sai na kifa ta a tafin hannuna, na ga hasken ya ratsa tsakanin yatsuna ya fito ja. Na tsaya ina kallon hannuna. In ya ratsa nama, me zai hana ya ratsa ɓawon ƙwai?

Na kwaso ƙwan a ƙwarya na shiga ɗakin ajiya, na rufe ƙofa, na toshe tagar da buhu. Na fara gwada fitilar waya, hasken ya watse ko'ina ya kashe mini ido, ban ga komai ba. Sai na murza kan tocilar har hasken ya tattaru wuri ɗaya, na zagaye bakinta da yatsu, na ɗora ƙwai a kai. Ƙwan ya haskaka gaba ɗaya, rawaya, wayam, babu komai a ciki. Na biyu ma haka. Na fara tunanin yadda zan fita in ce wa Mama ta yi gaskiya.

Na uku ya fito daban. Jijiyoyi ne jajaye sirara kamar zaren ɗinki sun bazu a jikin ɓawon, ga wani duhu a tsakiya. Ina cikin kallo duhun ya motsa.

Na kira Mama. Ta zo tana jan ƙafa, tana cewa me kuma na ƙirƙiro a cikin duhu da rana tsaka. Na ce ta rufe ƙofar ta matso. Ta sunkuya, ina jin numfashinta a kafaɗata. Abin ya yi shiru kamar ya san ana kallonsa, har na fara jin kunya. Can sai ya juya, ya harba wani abu mai kama da ƙafa.

Mama ta sa yatsa ta taɓa bakin tocilar ta ji ko da zafi, ta ji babu.

"Riƙe da kyau, ke," ta ce. "Hannunki rawa yake yi. Ba ni nan."

Ita ta duba sauran da kanta. Ta koyi murza kan nan take, ta ware masu rai gefe ɗaya, tana yi mini faɗa na bar su a waje sun daɗe za su sha iska. Ta naɗe su a bakin zaninta ta kai akurki, ta ɗaga kazar Bayerabiya tana yi mata magana a hankali kamar baƙuwar da aka saɓa wa.

Har yau in na ratsa Sabon Gari nakan leƙa shagon mutumin nan in gaishe shi. Yana zaton wata tocilar na zo saye. Bai san abin da ya yi mini ba ranar da ya hana ni babba, kuma ban san yadda zan faɗa masa ba. Haka maƙwabciyarmu, haka waɗanda suka zauna a wata ƙasa suka gyara gilashin nan har haskensa ya tsaya wuri ɗaya. Ina gode musu duka. Tocilar kuwa ba ta dawo hannuna ba, tana ƙulle a bakin zanin Mama, fentin gefenta ya goge, kuma in na tuna mata da maganar abin wasan yara sai ta ce ba ta san zancen ba.

A ranar da muka duba ƙwan dai, da yamma ta yi, na ɗauki jaka zan fita sayen kayan miya. Mama na zaune a kan kujera 'yar tsuguno a bakin akurki, ba a ɗaki ba. Ta ce in biya in auno gero. Na ce ai ba su ƙyanƙyashe ba tukuna.

"Za su fito," ta ce, ba ta ko dube ni ba. "Ki ce a ɓarza shi, kada a niƙa. Haka babanki yake ba su."