Kwali Dubu Biyu da 'Yar Fari

Shekarun baya na taɓa ɗora abubuwa uku a kan rubutu layi ɗaya: kwalin takalmi dubu biyu, aikin wata guda, da cinikin wata Madam mai makarantu a Legas wadda na daɗe ina zawarcin odarta.

Takalman yara nake sayarwa a unguwar Zongo. Madam ta ce tana son kwalayen da rubutun Turanci, don hannun iyayen ɗalibai za su shiga. Ni kuwa Hausa da Faransanci nake ji, Turancina bai wuce faɗin farashi ba. Takalmi sai na lanƙwasa shi na shinshina kafin na saya, amma da mai buga kwali a unguwar Godomey ya rubuta mini "Childrens Shoes", gyaɗa kai na yi kamar na gane. Tabarau gare shi, shi ke nan na yarda.

Na kawo samfur gida na ajiye. Ina da 'ya tana karanta Turanci a jami'ar Calavi, sai dai 'yar fari ce. Ban taɓa kiran sunanta ba, ita ma ba ta zama inda nake. Duk maganarmu ta bakin uwarta take bi.

Da safe matata ta ce, "Alhaji, yarinyar nan ta ce wata ƙugiya ta ɓace a kwalinka."

"Ƙugiyar me? Takalmi ne, ba kifi ba. Tambayo ta."

Ta je ta dawo. "Wai a sama take."

"Saman ina?"

A zuwa na uku ta dire kwalin a gabana. "Koko na kan wuta. Ga ka, ga 'yarka, kuma dukanku kuna da baki."

Ranar ce kuwa za a fara buga kwalayen. Haka na zauna ina kallon bango, yarinyar ta durƙusa tana kallon tabarma.

"Baba, yaro ɗaya child ne. Idan suna da yawa, children. Jam'i ne tun asali, ba a sake ƙara masa harafin jam'i. Abin da aka rubuta nan kamar mutum ya ce yarori ne."

Dariya ta kufce mini. Ita ma ta rufe baki da mayafi.

"To ƙugiyar fa?"

Ta ɗauki biro ta ɗiga 'yar alama kafin harafin ƙarshe. "Wannan ce ke nuna takalman nasu ne."

Na hau zem, acaɓarmu ta nan, zuwa Godomey, na tarar an riga an buga ɗari uku. Mai tabarau ya ce ba wanda zai lura. Na ce 'yata ta lura, a sake.

Da Madam ta zo, kafin ta taɓa takalmi sai da ta bi rubutun da yatsa. Ta tambayi wanda ya rubuta. Na ce, "Yarinyar gidana." Har yau tana sayen kaya a wurina.

Idan na tuna, abin da ke ba ni mamaki shi ne malamar tana gidana, ni nake biyan karatunta, amma na tsallake ta na je Godomey. Kunya tarbiyya ce, ban zubar da ita ba, sunanta har gobe ba na kira. Sai dai yanzu kowace takardar shago ita ke fara gani, mu biyu a tabarma ɗaya.

Asarata kwali ɗari uku, suna nan a sito ina zuba tarkace. Ribata Madam, da 'yar da na shekara ashirin ban san tana da barkwanci ba.