Ilu Mai Fenti da Iskar da Ta Ƙi Zama

Duk wanda ya san Ilu Mai Fenti ya san yatsan nan nasa. Kafin ya yi komai sai ya lashi manuninsa ya ɗaga sama, ya karkata kai kamar mai sauraren gulma a bayan danga. Wai iska yake ji. Za a fita gona ya ɗaga, za a ɗaura aure ya ɗaga, har cikin ɗaki a rufe gaban talabijin na sha ganin ya ɗaga. Ni taubashinsa ne, ɗan goggona ne, saboda haka ina da izinin tsokanarsa tun daga haihuwa, kuma Allah ya sani ban yi wasa da izinin ba. Nakan ce, "Bawana, wace iska ce cikin akwati?" Shi kuwa ya ce, "Mamman, kai da buhun masara hula ce ta raba ku."

Ku da muka baro ƙauye tare kun san sana'arsa, zanen bayan mota da allon shago. Abin da wasunku ba su sani ba shi ne yadda ciwon ɗaga yatsan ya kama shi. Kasuwar Kankara ya je, ya ba mai shagon caji wayarsa a zuba masa wa'azi, aka yi kuskure aka haɗo masa da katun na mutanen Japan. Mutum da furfura a gemu, ya dawo gida ya zauna gindin ɗorawa yana kallon abin yara har tuwo ya huce. Na leƙa na ga wata yarinya tana shawagi cikin gajimare, na ce lalle an gama da ɗan goggo.

"Wanga ba wasan yara ba ne," in ji shi. "Hannu ya zana shi, hoto bayan hoto. Ba'indiye in zai tashi sama a fim igiya ake ɗaura mai, kana ganin wuyan rigarshi ya shaƙe shi. Bature kuwa kamar an jefa dutse. Amma waɗanga mutane, kafin ƙafa ta bar ƙasa sai ciyawa ta rusuna, sai bakin zane ya motsa. Kai mutumin kake kallo, shi ya sa ba ka ganin komi. Ciyawa ake kallo."

Na ce ni ciyawa noma ta nake yi, ba kallonta ba.

Akwai ranar da ya ja ni gidan kallo a Mairuwa, da la'asar, ana jiran a fara ƙwallo. Ya lallaɓi mai gidan kallon ya sa masa fim ɗinsa na yarinyar nan mai shawagi kafin lokaci ya yi. Ilu ya miƙe gaban samari da karan dawa a hannu yana nuni, wai a dubi cikin gajimare yadda yake da inuwa, wai a dubi yadda jirgin nan mai kama da fara yake jingina da iska kafin ya juya. Har fassara yake yi, shi da ko gaisuwar Japan bai iya ba. Wani ya ce, "Malam Ilu, mi ta ce?" Ya ce, "Ta ce ka rufe baki." Da lokacin ƙwallo ya yi aka nemi rimot aka rasa, ashe yana aljihun 'yar cikinsa. Aka yi juyin duniya ya bayar, ya ƙi.

"A bari ta sauka tukuna," ya ce. "Ba a barin mutum a sama."

Samari suka ɗauke shi cak, biyu a hannu biyu a ƙafa, suka ajiye shi bakin titi. Na bi su da takalminsa ina dariya har da hawaye. A iya sanina, ranar ce kaɗai Ilu ya tashi sama.

Daga nan aikinsa ya lalace, ko ya gyaru, ya danganta da wanda ka tambaya. Duk abin da ya zana ba ya taɓa ƙasa. Wani Alhaji mai motar hatsi a Sabuwa ya ba shi bayan mota ya zana masa bijimi, alamar ƙarfi. Ilu ya zana bijimi lafiyayye, ƙaho kamar a taɓa, sai dai kofatansa huɗu a sama, ƙarƙashinsa ciyawa ta kwanta. Alhaji ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Malam Ilu, ina ƙasa?"

"Alhaji, ƙasa ai kana da ita. Ga tayu nan duk a kanta."

Alhaji ya rantse sai an goge. Ilu ya ce hannun da ya zana ba shi zai goge ba, ya kwashe gwangwanayensa ya yi gaba. Motar ta yi shekaru tana yawo tsakanin Sabuwa da Faskari da bijiminta a sama, yara na binta da ihu, har aka daina kiran Alhajin da sunansa sai Mai Sa Sama.

Malam Liman ma ya kira shi ya yi masa nasiha a kan zana fuskar mai rai. Ilu ya saurara da ladabi, ya ce ya ji ya ɗauka. Tun daga ranar bai ƙara zana fuska ba, sai ƙeya. To ashe ƙeya ta fi fuska tonon asiri. Kowa ya gani ya san ta wane ce, har aka kusa yin faɗa da mai shayi saboda ninkin wuyansa.

To, dariyar ke nan. Sauran kun san shi, don tare muka sha.

Da 'yan bindiga suka matsa mana, gonar nesa aka fara bari, sannan ta kusa. Aka kore shanu. Tawa gonar, wadda na gada wurin mahaifina, ta koma inda ko da rana tsaka ba a zuwa. Jirgin sama da Ilu yake ƙauna, in ya wuce sai yara su shige ƙarƙashin rumbu, don ba su san wa ya zo nema ba. Na ce masa, "Ga abin naka nan, fito ka ɗaga yatsa." Bai yi dariya ba. Ya ce su ma mutanen Japan sun san wannan, a fina-finansu saman da ke ɗaukar mutum shi ke zubo wuta, wanda bai taɓa gudu daga jirgi ba ba zai iya zana shi haka ba.

Gida bayan gida aka riƙa ɗaure kaya. Ni na kwashe iyalina zuwa Kankara, ɗaki ɗaya muka samu a bayan tasha. Ilu ya turo matarsa da 'ya'yansa tare da mu, shi ya ƙi tasowa. Wai ya fara aiki a bangon gidansa mai kallon hanya, zai zana ƙauyen gaba ɗaya yana tashi sama, kowa da kowa, har awaki. Tun kafin in tafi na gargaɗe shi. Na ce, "Ni manomi ne. In ka kuskura ka ɗaga min ƙafa daga ƙasa, sai na yi ƙararka wurin goggo a lahira."

Na koma ɗaukarsa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kowace tafiya da rai a hannu. Zuwan ƙarshe na same shi ya rame, ya lulluɓe rabin bangon da tsofaffin buhuna kada in gani. Fenti ya ƙare, yana dama shuni da jar ƙasa da toka, burushinsa kuwa gashin wutsiyar akuya ne ya ɗaure a kara. Na yi lallashi, na yi zagi, na tuna masa ni ne ubangidansa. Har kuka na yi, ba na jin kunyar faɗa.

"Mutanen sun tashi," ya ce, "amma iskar ba ta zauna ba. In babu ita, rataye su kawai na yi."

"Iska ai ba ta zama, Ilu. Hau babur mu tahi."

"Mutanen Japan sun zaunar da ita. Su ma hannu biyu gare su."

Na baro shi yana dama toka. Haushinsa na ji a hanya, kuma har yau ina jin sa.

Ba harsashi ne ya kashe shi ba. Zazzaɓi ne, irin wanda allura ke kora. Amma a makon nan an tare hanya, babu ɗan acaɓar da zai yarda ya shiga, shanun da za su ja amalanke kuwa an daɗe da kore su. Malam Liman da wasu tsofaffi da suka rage su suka sa shi a baro suna turawa, ko za su kai bakin kwalta. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zancen tashi sama, hanyar ƙasa ce ta gagare shi. Malam Liman ya ce min suna cikin tafiya Ilu ya lashi yatsa ya ɗaga, ya ce, "Daga gabas take. Ruwa na tahe. A ce ma Mamman ya yi shuka." Ba su kai kwalta ba.

Ban samu jana'izarsa ba. Sai bayan damina ta yi nisa na bi ayarin masu komawa cire kwanon gidajensu, don abin da ya rage mana ke nan, mu kwashe rufinmu mu sayar. Na bar su suna ɓamɓarar kusa na nufi bangon. Buhunan sun faɗi.

Ga mu nan duka, jama'a. Kowa ya juya baya, kowa ƙafarsa a sama. Ga ƙeyar mai shayi da ninkinta, ga rawanin Malam Liman yana warwarewa, ga mata da tabarmi da tukwane, ga awaki, ga rumbuna sun tumɓuke. Ba ƙarya ya zana ba, haka muka tashi. Shi kansa yana can ƙarshe, ƙarami, da yatsa a sama.

Mutum ɗaya ne a ƙasa. Daga gefen da ya lulluɓe, ga wani mai ƙatuwar ƙeya da karkatacciyar hula, fartanya a kafaɗa, ƙafafunsa sun nutse cikin kunyar gona har idon sawu. Na gane tsamiyar, na gane dutsen kan iyaka. Gonata ce, dawa ta kai kafaɗa, kuma duk ta rusuna gefe ɗaya. Ban san lokacin da na lashi yatsana na ɗaga ba. Na rantse muku ranar ko ganye ba ya motsi, amma na ji iskar.

Ban yi shukar ba, Ilu. Bana ma ban yi ba, kuma ban ga alamar baɗi ba. A bangonka kaɗai nake da gona, shi ma ruwa ya fara cin shunin.

Allah ya jiƙan bawana, ya yafe masa taurin kansa, ya sanyaya makwancinsa da iska mai daɗi. Mu kuma da aka bari a sama, Allah ya sauke mu gida. Amin.