Sakin da Na Yi Gwajinsa a Tsakar Gida

Ni tela ne, kuma har gobe da tela ake kirana, amma akwai wata shekara, cikin shekarun dubu biyu da 'yan kai, da na zama mutumin da aka fi tsana a unguwar Gangare ta Jos. Idan na ce Gangare ma na rage. Har Naraguta tsinuwar ta kai, ta juyo ta same ni a shago.

A lokacin Jos ta cika da masu kyamara. Ko akuya ka ɗaure a ƙofar gida, in ba ka yi hattara ba, sai ka gan ta a fim. Akwai wani mai shirya wasan kwaikwayo na talabijin da nake ɗinka wa kayan 'yan wasa. Wata rana ya zo karɓar babbar riga, ya tarar ina kwaikwayon yadda masu kawo ɗinki suke yi mini masifa idan Sallah ta matso, abokan hira suna ta faɗuwa daga benci. Ya tsaya ya ƙare mini kallo.

"Oga tela, wannan fuskar taka ta mugun miji ce. Muna da gurbi a wasanmu na ranar Lahadi. Za ka iya?"

Na ce, "Shekara arba'in ina wanke fuskar nan ban san amfaninta ba. Kawo takarda."

Aikin bai fi rabin shafi ba. Mutum ne zai dawo gida, ya tarar abinci bai nuna ba, ya saki matarsa saki uku a tsaye, ko hula bai cire ba. To ni awon mutum hamsin yana kaina, amma layi shida na takarda ya gagare ni. Sai na tafi da ita gida. Bayan La'asar na sami maiɗakina a tsakar gida tana feraye dankalin turawa, na miƙa mata.

"Karanta mini maganar matar, ni in yi ta mijin."

Ta goge hannu a zani ta karɓa. Na tsaya a kanta, na nuna ta da yatsa, na zuba mata kalmomin nan kamar yadda aka rubuta. Dariya ta yi har wuƙar ta faɗi.

"Haba Maigida, haka ake sakin mace? Kamar mai roƙon gishiri? Zare ido mana! Sake."

Na sake. Kwana uku muna wannan, tana gyara mini murya, ina maimaitawa. Ko sau ɗaya zuciyata ba ta ce mini komai ba.

Aka ɗauki wasan a wani gida can wajen Naraguta, aka nuna shi ranar Lahadi da yamma. Litinin da safe mai ƙosan layinmu, wadda ta san ni tun ina da gashi, ta dube ni ta ce ƙosai ya ƙare, ga shi kuwa yana soyuwa a gabana. A Tina Junction na shiga tasi, wata dattijuwa ta leƙo fuskata, ta dafe ƙirji.

"Kai ne! A kan tuwo? A kan tuwo ka kori baiwar Allah? Direba, sauke ni, ko ka sauke shi!"

A shago kuwa majalisa ta rabu biyu. Wasu suka ce matar ce da laifi, ai tun azahar aka nuna ta tana hira a maƙwabta. Wasu suka ce irin waɗannan wasanni su ne suke koya wa maza rashin mutunci. Wani mai gyaran rediyo ya ce shi bai yarda wasa ba ne, wanda bai saba ba ba zai iya zare ido haka ba. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni. Ina taka keken ɗinki ina jin kaina kamar wanda aka naɗa sarauta.

Ranar Alhamis aka yi suna a layin iyayen maiɗakina. Abin da ya faru a can, daga baya ta ba ni labari. Mata sun cika ɗaki, ba a hirar komai sai ta mugun mijin talabijin. Surukata ta ce ita dai kunya ta hana ta fita ko'ina. Maiɗakina ta ga ana cin naman mijinta ɗanye, sai ta tashi kare ni.

"Inna, wasa ne fa. Ai da ni ya koya. A tsakar gida yake tsayawa ya nuna ni da yatsa ya faɗa mini, ni nake gyara masa."

Ta ce ɗakin ya yi tsit, har jaririn ya daina kuka. Wata gwaggonta mai koyarwa a Islamiyya ta ajiye cokali.

"Ke ya kalla ya faɗa? Da bakinsa?"

"Eh, amma Gwaggo..."

"Sau nawa?"

"Ban ƙirga ba."

"Innalillahi. Yarinya, saki ba shi da wasa."

Ni ban san wainar da ake toyawa ba. Na dawo gida kafin Magariba ina 'yar waƙata, na yi sallama na shiga. Na tarar da surukata a zaune bakin ƙofar ɗaki kamar mai gadin banki. A bayanta ga maiɗakina cikin hijabi har ƙasa, ta juya fuska bango. Matar da muka shekara goma sha biyar, mai 'ya'yana huɗu, ta rufe jiki saboda na shigo.

Na durƙusa na gaida Inna. Ta ɗaga mini hannu.

"Tsaya daga nan. Kai yanzu baƙo ne a wurinta."

Nan ta yi mini bayani dalla-dalla. Na zauna daɓas a kan turmi. Da saki ɗaya ne, da sai a ce in mayar da ita. Uku kuwa babu kome, sai ta auri wani ya rabu da ita don kansa. Ni da bakina ba ya rufuwa, abin da na iya cewa kawai shi ne, "Inna, ai ita ta ce in zare ido."

Kwana biyu a shago na kwana, a kan tarin yadin mutane. Masu kallon da suka gama yanke wa mijin talabijin hukunci suka dawo kaina, kowa ya zama malami. Wannan ya ce aure ya mutu murus. Wancan ya ce in an haɗa duk gwajin da na yi, sakin ya isa a raba wa matan layi guda. Ban yi dariya ba. Na ɗinka wa wani hannun riga a wuya, ban lura ba sai da ya zo gwadawa.

Ranar Asabar da hantsi surukina, mutum mai shiru-shiru wanda tun da aka fara bai ce uffan ba, ya ce mu je wurin wani tsohon malami da ake kai wa rikicin aure. Muka tafi mu huɗu. Maiɗakina tana tafe bayan uwarta, ko inuwata ba ta takawa.

Malam ya saurari kowa. Ya ce a ba shi takardar. Ya sa tabarau ya karanta ta tun daga sama, a hankali.

"Kai ka rubuta wannan?"

"A'a, Allah gafarta Malam."

"Da kake faɗa, matar wa kake saki?"

"Matar mutumin cikin takardar."

Ya juya wajen maiɗakina. "Ke kuma da kike amsa masa, maganarki ce?"

Ta ce, "Karantawa nake yi, Malam."

Ya jawo wani littafi ya buɗe, ya daɗe yana bin layi da yatsa. A wannan zaman na tsufa da shekara goma. Sannan ya rufe.

"Gwaggonku ba ta yi ƙarya ba. Wanda ya saki matarsa ya ce wasa yake yi, ta saku. Amma wannan maganar wani ya ɗauko yana biyawa, kamar ɗalibin da yake bitar babin saki matarsa tana zaune. Ba tasa ba ce, ku biyun kuma kun san haka tun kafin ya buɗe baki. Aurenku yana nan."

Maiɗakina ta fashe da kuka. Inna ta hau hamdala. Ni kuwa na rarrafa zan kama ƙafar Malam, ya janye.

"Kai kuma, babba da kai, ka rasa wanda za ka nuna da yatsa ka faɗa wa wannan kalma sai uwar 'ya'yanka? Bango ya ƙare a gidanku?"

Na ce ba zan ƙara ba har abada.

Muka fito. Matan suka yi gaba, maiɗakina ta waiwayo sau ɗaya, ta harare ni da jajayen idanu, na ji kamar an ba ni kujerar Makka. Ina saka takalmi surukina ya matso kusa da ni, ya rage murya. Na gyara tsayuwa, na ce a raina yau zan sha faɗan shekara goma sha biyar.

"Wannan an gama, alhamdu lillahi," in ji shi. "To ita waccan ta talabijin fa? Gobe Lahadi. Ka je ka ba ta haƙuri. Yarinyar nan ba laifinta ba ne, ina kallo, itacen girkin ne ɗanye."